Tantance Maƙala a Mujallun Likitanci: Ina Matsayin Harshe?

Gabatarwa

Idan likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, ko a Asibitin Ƙwararru na Jimeta, ya kammala bincike a kan wata cuta, mujalla ba za ta buga masa ba sai takwarorinsa masana sun tantance aikin. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake yin hakan, da kuma inda ya shafi ɗalibin harshe.

Yadda Ake Tantancewa

Edita kan aika maƙalar ga masana biyu ko uku na fannin, galibi ba tare da marubucin ya san sunayensu ba. Sukan duba yawan majinyatan da aka yi nazari a kansu, da ingancin lissafi, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da kuma amincewar majinyatan. Daga nan sai su ba edita shawarar a buga, ko a gyara, ko a yi watsi da ita.

Matsalar Harshe

Da Ingilishi ake tsara tambayoyin bincike, alhali majinyata da yawa a Yola da Jimeta da Fulatanci ko Hausa suke amsawa. Ɗauki kalmar "zazzaɓi". Bahaushe kan faɗe ta yana nufin zafin jiki kawai, ko kuma maleriya. Haka "shawara" takan ɗauki sauyawar ido zuwa ruwan ɗorawa, ko ciwon hanta. Idan mai fassara ya cakuɗa waɗannan, alƙaluman binciken sun gurɓata tun daga tushe. Shi ya sa gogaggen mai tantancewa kan tambaya: wa ya fassara tambayoyin? An sa wani daban ya mayar da fassarar zuwa Ingilishi don a gwada ta da ta asali?

Iyakar Tantancewa

Tantancewa rariya ce, kuma wani lokaci tsakuwa kan wuce. A 1998 mujallar The Lancet ta Ingila ta buga maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta rigakafin ƙyanda da lalurar galahanga. Sai a 2010 aka janye ta, bayan iyaye da dama sun ƙaurace wa rigakafin.

Kammalawa

Ashe ke nan ingancin binciken lafiya bai rataya a wuyan likita kaɗai ba. Ɗalibin da ya naƙalci fassara da ilimin ma'ana yana da gurbi a wannan fage, domin kalma ɗaya da aka karkatar tana iya jawo a ba majinyaci maganin da ba nasa ba.