Finafinan Tsira da Rai, da Waɗanda Ba Su Dawo Ba

A wannan fitowa ina so mu duba wani nau'in fim da ya samu karɓuwa a gidajenmu na Njamena, wato finafinan da ke nuna mutum ya faɗa cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ko a tsakiyar teku, ko a kan dutse, ko cikin hamada, yana fafutukar tsira da ransa. Iyaye da yawa sun fi sakin jiki da su a kan finafinan soyayya da raye-raye, kuma suna da hujja, domin galibi akwai haƙuri da taimakon juna a cikinsu. Sai dai suna tayar da tambayoyi masu nauyi, kuma ya kamata maigida ya san abin da zai ce idan yaro ya juyo ya tambaye shi.

Mu fara da wanda aka fi magana a kansa, Le Cercle des neiges, na Juan Antonio Bayona ɗan ƙasar Sifen, wanda ya fito a 2023. Labari ne na gaskiya. Ranar 13 ga Oktoba, 1972, wani jirgin saman sojan Urugwai ɗauke da mutum 45, cikinsu har da matasa 'yan wasan ƙwallon zari-ruga, ya faɗi a tsaunukan Andis na Kudancin Amurka a kan hanyarsa ta zuwa Cile. Waɗanda ba su mutu nan take ba suka fake cikin gangar jirgin, ba abinci, ba tufafin sanyi. Da kunnensu suka ji a wata 'yar rediyo cewa an daina nemansu. Daga baya ƙanƙara ta gangaro ta binne su, ta kashe mutum 8. A ƙarshe biyu daga cikinsu, Nando Parrado da Roberto Canessa, suka yi tafiyar kwana 10 a ƙasa har suka ci karo da wani makiyayi. Mutum 16 ne suka tsira, bayan kwana 72. Abin da ya riƙe ransu kuwa shi ne naman 'yan uwansu da suka rasu.

A nan ne yaro zai tambaya: "Baba, da Musulmi ne, ya halatta?" Kada a kore shi da tsawa, domin malamanmu sun riga masu fim tattauna wannan mas'ala da ɗaruruwan shekaru. Aya ta 173 a Suratul Baƙara, wadda ta haramta mushe da jini da naman alade, ita ce kuma ta ɗauke laifi daga wanda lalura ta matsa wa. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure ya san an yarje wa irin wannan mutum ya ci mushe har ya ƙoshi, ya yi guzuri, idan ya wadatu ya jefar. Amma gawar ɗan Adam hukuncinta daban ne. Mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne hani ko da lalura, saboda alfarmar ɗan Adam, ko da yake wasu malaman mazhabar sun inganta halaccinsa, kuma Mukhtasar na Shehu Halil ya kawo zantukan biyu. Shafi'iyya sun yarje idan babu wani abin ci ko kaɗan. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, ba a kashe wani bawan Allah mai rai don a rayu da namansa. Wanda ya san wannan zai kalli matasan nan da tausayi, ya bar hukunci ga masu shi. Duk da haka, a ganina ba fim ne na ƙananan yara ba.

Wani abu ya burge ni a aikin Bayona. Muryar da ke ba da labarin ta Numa Turcatti ce, shi kuwa bai tsira ba, shi ne ma na ƙarshen rasuwa. Wannan ya saɓa wa al'adar irin waɗannan finafinai, inda idon mai ɗauka ke manne da wanda zai kai labari, sauran kuma su zube a gefen hanya ba a ko san sunansu ba. Mai kallo kuwa, musamman matashi, kullum kansa yake sawa a matsayin wanda ya tsira.

Wannan ɗabi'a ce ke ba ni tsoro idan aka zo kan fim ɗin da ya fi kusa da mu, wato Moi, capitaine na Matteo Garrone ɗan Italiya, shi ma na 2023. Samari biyu ne 'yan Dakar, Seydou da Moussa, suka tara kuɗi a ɓoye suka kama hanyar Turai ba da yardar iyaye ba, suka bi ta Agadas, suka ratsa Sahara, suka faɗa hannun masu azabtarwa a Libiya. Fim ɗin bai ɓoye wahala ba. Wurin da wata mata ta faɗi cikin rairayi ayari ya wuce ya bar ta, ba mai imanin da zai gani zuciyarsa ba ta karaya ba. Amma ya ƙare da Seydou a kan jirgin ruwa yana kirari, ga gaɓar Italiya a gabansa. Yaron ƙasar Gini da aka ɗauko wannan ɓangare daga rayuwarsa, wanda ya tuƙa jirgi yana ɗan shekara 15, da isarsa kurkuku aka kai shi bisa zargin fataucin mutane. Wannan ba ya cikin fim.

Hamadar gaske kuma ba ta bin tsarin marubuci. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Nijar da Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu 'yan uwanmu ne Hausawa daga yankin Kance a jihar Damagaram, talauci ya koro su suka nufi Tamanrasat. Motocinsu suka lalace, ruwa ya ƙare, suka watsu neman rijiya. An same su rukuni-rukuni, wasu iyaye mata tare da 'ya'yansu. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana 3. A watan Yuni na 2022 kuma an sami gawarwaki 20 a hamadar Libiya, tsakanin Kufra da iyakar ƙasarmu, kusa da motarsu da ta mutu. Allah Ya jiƙan su. Wanda ke da ɗa ko ƙane da ke maganar tafiya Libiya ko wuraren haƙar zinariya na Tibesti, to ya zauna ya kalli fim ɗin tare da shi, sa'an nan ya karanta masa waɗannan alƙaluma. A cikin zafin Sahara, mutumin da ba ruwa ba ya wuce 'yan kwanaki ƙalilan, kome ƙarfinsa, kome taurin zuciyarsa. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure abinsa tukuna kafin ya ce ya dogara ga Allah.

Mu a Cadi ma muna da namu fim na tsira, wanda babu ƙanƙara ko teku a cikinsa. Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe, wanda fim ɗinsa Un homme qui crie ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes na 2010, ya fitar da Hissein Habré, une tragédie tchadienne a 2016. Ba 'yan wasa a ciki. Mutanen da suka fito da rai daga gidajen yarin hukumar DDS ne, tsakanin 1982 da 1990, suke magana da bakinsu, wasu da sanda, wasu a kwance. Cikin wuraren da aka tsare mutane har da wanda ake kira La Piscine a nan cikin gari, tsohon wurin ninƙaya da aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ɗaki-ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Mai yi mana jagora a fim ɗin shi ne Clément Abaïfouta, wanda ya yi shekara 4 a tsare, aka tilasta masa binne 'yan uwansa fursunoni a Hamral-Goz. Hukumar bincike ta 1992 ta ƙiyasta waɗanda suka hallaka a wancan zamani da mutum 40,000. Ranar 30 ga Mayu, 2016, kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai, ya kuma rasu a can a watan Agusta na 2021.

Abin da wannan fim ya nuna, wanda na ƙasashen waje ba su cika nunawa ba, shi ne rayuwar bayan tsira: ciwon da ba ya warkewa, barcin da ba ya zuwa, da haɗuwa da wanda ya azabtar da kai a kasuwa ɗaya. Akwai inda Abaïfouta ya zaunar da wani da aka azabtar tare da wanda ya cuce shi a benci guda, yana neman ɗaya ya roƙi gafara. Akwai maganganu da Larabcin Cadi a cikinsa, don haka ko kakanninmu da ba su jin Faransanci za su fahimci wani ɓangare nasa, kuma wasunsu sun san unguwannin da aka ɗauke mutanen da daddare.