Haɗa Fitilar Alamar Kwamfuta da Ƙafar Maikurokwantirola

Wannan maƙala za ta duba yadda ake sa maikurokwantirola ta kunna 'yar fitilar LED da ke gaban kwamfuta, wadda ke nuna cewa na'urar tana aiki. Mu ɗauki ATmega328P, watau wadda ke kan allon Arduino Uno R3. Kowace ƙafa tata tana fitar da bolt 5. Iyakar wutar da ƙafar za ta jure miliamfa 40 ce, amma mai hankali ba ya wuce 20.

Jar fitila tana cin kimanin bolt 2, saura 3 ke nan, kuma tilas a sama musu wurin sauka. Aikin rizista ke nan. In aka raba bolt 3 da om 330, za a sami wajen miliamfa 9, wanda haskensa ya wadatar a cikin ofis. In aka bar rizista, fitilar za ta ja wuta fiye da kima, ƙafar ta lalace, alhali rizista ita ce mafi araha a kan allon duka. Shuɗiyar fitila kuwa tana cin wajen bolt 3, saboda haka lissafinta dabam ne.

Idan ana bukatar fitilu da yawa, sai ƙafar ta ba taransista 2N2222 umurni kawai, ita ta ɗauki nauyin wutar.