Diktamo: Tsiron Da Ba Ya Fitowa Sai A Tsibirin Kirit

A cikin Bahar Rum akwai wani tsibiri da ake kira Kirit, wanda shi ne mafi girma a cikin tsibiran ƙasar Girka. Allah Ya hore wa wannan tsibiri wani tsiro wanda ba ya fitowa da kansa a ko'ina cikin duniya sai a can. Mutanen wurin suna ce da shi diktamo, masana kuwa suna kiransa Origanum dictamnus. Danginsa ɗaya ne da na'a-na'a da ɗoɗɗoya waɗanda muka sani a gidajenmu.

Tsiron ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai cika wuce santimita 30 ba. Ganyensa kewayayye ne mai ƙanshi, lulluɓe da farin gashi kamar auduga, wanda yake rage masa zafin rana da asarar ruwa. Lokacin zafi yakan yi fure ja-ja. Ba ya son fili, sai tsagin duwatsu da bangon kwazazzabai masu wuyar hawa.

Tun zamanin da Girkawa suke shan ruwan ganyensa domin ciwon ciki, suna kuma sa shi a rauni. A ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin nan Aristotil ya rubuta cewa awakin jeji na tsibirin sukan nemi ganyen su ci idan an harbe su da kibiya. Samari kuma sukan hau duwatsu su tsinko wa 'yan matansu, har wasu suka faɗo suka rasa rayukansu.

To, wannan farin jini shi ya so ya zame masa ajali. Da kasuwarsa ta buɗe, masu nema suka riƙa tumɓuke shi har saiwa, sai ya yi ta raguwa. Abu biyu suka taimake shi. Na farko, a cikin ƙarni na 20 manoma suka shiga shuka shi a gona, musamman a ƙauyen Embaros, har ya zama akasarin wanda ake sayarwa yau na gona ne. Na biyu, dokar Tarayyar Turai ta 1992 ta sa shi cikin tsirran da aka hana a tsinka ko a tumɓuke a jeji.

Jama'a, abin lura a nan shi ne, tsiron da wuri ɗaya kaɗai yake da shi, idan ya ƙare a can, ya ƙare a duniya ke nan. Duk ganyen maganin da ake nema da yawa, a shuka shi a gona, a bar na jeji ya yi iri.