Kwana Uku a Zauren Mutane: Aliero, Jega da Maiyama a Idon Baƙo

Shirinmu na musamman na yau ya nufi masarautar Gwandu a jihar Kebbi, inda garuruwa uku ke jere kan hanya ɗaya: Aliero, Jega da Maiyama. A zaure za mu yada zango, mu ji abin da baƙo ke gani a kwanakinsa na farko idan ya sauka gidan mutanen da bai taɓa sani ba.

Wanda ya taso daga Sakkwato ya wuce Tambuwal, Aliero zai fara tararwa. In lokacin cirar albasa ne, da rani, hancinsa zai shaida masa ya iso tun idonsa bai ga gari ba. Ga buhuna jibge a bakin titi, ga manyan motoci ana lodi zuwa Legas da Anaca, wasu har su ƙetara Benin da Ghana. A bayan gari kuma ga rudu birjik, rumfunan kara da ciyawa da ake zuba albasa a ciki iska na ratsa ta, a jira damina ta faɗi farashi ya tashi.

Baƙin Aliero iri-iri ne. Akwai mai sayen albasa, akwai ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin a 2006, akwai mai yi wa ƙasa hidima da ya fito daga sansanin Dakingari. Sai kuma wanda aka ɗauko ranga-ranga da karaya, domin Aliero ta yi suna da ɗori, har daga Nijar da Benin ake kawo masu jinya. Wannan baƙon ya fi kowa sanin gari, don makonni yake yi a gidan mai ɗori, ɗan'uwansa na kwana kusa da shi.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne ba a gaggawar tambayarsa me ya kawo shi. Yana sallama, yaro zai shimfiɗa tabarma, a kawo ruwan sha, a ajiye buta. Maigida ya fito ya miƙa hannu: "Ka zaka lahiya, ɗana? Ya hanya? Kun baro su lahiya?" Shi kuwa ya amsa: "Lafiya lau, Baba." Gaisuwa ta yi ta zagayawa, har wanda ya saba da gaisuwar birni ya rasa abin cewa. Bayan isha'i akushi ya fito, tuwon gero ko na shinkafa da miyar kuka, da safe ɗumame ko kunu. Sai ciki ya ɗauka, gajiya ta sauka, sannan maigida zai gyara zama ya ce, "To, Malam, mi at tahe da kai?"

Abu na biyu da zai lura da shi, zaure shi ne iyakarsa. Zai ji lugude tun asuba, ya ji ƙamshin daddawa, ya ga hayaƙi na tashi, amma da wuya ya ga hannun da ya tuƙa tuwon. Nan kam akwai abin faɗa. Yabon karamci maigida ke kwashewa, alhali matan gida ne suka ƙara tsaba a turmi, suka rage rabon yaransu don kwanon baƙo ya cika. Baƙo mai tarbiyya ba ya tafiya sai ya aika yaro ciki: "Ka ce da Inna na gode, Allah ya saka da alheri," ya haɗa da ɗan goro ko sabulu.

Mu gangara Jega, a bakin gulbin Zamfara, inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu da ta Yawuri. A nan saukar baƙo tsohuwar sana'a ce, kuma ita ta raya garin. Buhari, ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, shi ya kafa Jega a wajajen 1820, kuma cikin ƙarni na 19 kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manya a ƙasar Gwandu. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro nan suke sauka, da jakuna da kanwa da tufafi da gishiri. Falke ba ya shiga kasuwa kai tsaye, sai ta hannun fatoma. Fatoma ne zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa in an karɓi kaya bashi, shi kuma ya ci la'ada. In kayan baƙo suka ɓata a gidansa, sunansa ne ya ɓaci, kuma labari zai riga ayari isa Kano. Shi ya sa har yau dillalin albasa ko na dabbobi a wannan yanki ke ɗaukar baƙonsa a matsayin amana. Ɗan kasuwar da ya zo daga kudu, ba ya jin Hausa sai ta ciniki, yakan bar kuɗinsa hannun maigidansa ya yi barci da munshari.

Daga Jega in ka miƙa kudu sai Maiyama, ƙasar noma da kiwo, da garuruwa irin su Andarai, Mungadi da Sambawa. Baƙon da ya kwana a rugar Fulani a nan, ƙwaryar nono ce ke tarbarsa, da safe kuma kukan maruƙa ya tashe shi.

Wannan ya tuna mini da wata ƙasa mai nisa, Mongoliya, tsakanin Rasha da Sin, mai mutane kusan miliyan uku da rabi. Makiyayanta na zaune cikin zagayayyun bukkoki na sanduna da ulu, suna kiwon dawaki, raƙuma, shanu, tumaki da awaki, cikin sanyin da kan kashe dabbobi da yawa a wasu shekaru. Matafiyin da ya sauka wurinsu, shayin madara mai gishiri ake fara miƙa masa. Da hannun dama zai karɓa, ba ya taka dokin ƙofa, ba ya kuma ƙin ɗanɗana abin da aka ba shi. Bafulatanin Maiyama bai taɓa ganin ƙanƙara ta rufe makiyaya ba, amma zai gane dalilin wannan tarba sarai: wanda ke zaune nesa da gari ya san gobe shi ma zai iya zama mai neman ruwa a bukkar wani.

Mu a nan, ban da wannan dalili, addini ya ba baƙo haƙƙin liyafar kwana uku. To amma zamani ya taɓa al'adar. Sabbin gidaje da yawa ana gina su da ƙyauren ƙarfe, babu zaure. Tsadar abinci ta sa mudun da ake dafawa ya ragu. Matsalar tsaro da ta addabi wasu sassan Kebbi da Zamfara da Sakkwato ta sa mutane na ɗari-ɗari da baƙuwar fuska, kuma ba za a ga laifinsu ba. Sai dai maganin wannan tsoro yana cikin tsarin da muka gada. Iyayenmu ba sa ɓoye baƙo, ba sa kuma korarsa. Maigida kan kai shi gaban mai unguwa, a san daga ina ya fito, wurin wa ya sauka, yaushe zai tafi.

Don haka kira muke yi ga magidantan Aliero, Jega da Maiyama: mai shirin gini ya bar wa zaure wuri ko da ƙarami ne, wanda ya yi baƙo ya gabatar da shi ga mai unguwa, sannan ya shimfiɗa masa tabarma. Ku kuma ɗalibai da 'yan kasuwa da ke sauka gidajen mutane, ku tsaya inda aka tsayar da ku, ku riƙa leƙowa gaisuwa bayan kun tashi.