Faifai biyu a kwamfutar ofis: umarnin da mai kula da su ya kamata ya sani

Duk ofishin da ya fara zuba takardun haihuwa, rajistar gonaki ko lissafin ƙungiyar manoma cikin kwamfuta, a Gangara ne ko a Gidan Rumji, ya ɗora amanar jama'a a kan faifan da zai iya mutuwa dare ɗaya. Maganin da masana suka daɗe da samu shi ne RAID, sunan da masu bincike uku na jami'ar Berkeley ta Amurka suka yaɗa a 1988: a haɗa faifai biyu ko fiye su yi aiki tare. A mataki na 1 na RAID, duk abin da aka rubuta a wannan faifai sai ya shiga wancan, kamar mai raba hatsinsa rumbu biyu saboda gobara.

A kwamfutar Linux, manhajar mdadm ce ke wannan aiki, kuma da rubutu ake ba ta umarni. Da --create ake ƙulla haɗin tun farko, a faɗi mataki da --level=1, a faɗi yawan faifan da --raid-devices=2. Sau ɗaya ake yinsa. Wanda ya sake buga shi a kan faifan da ke ɗauke da bayanai yana iya hallaka su. In haɗin ya ƙi tashi, --assemble ake nema.

Umarnin da na fi so kowa ya riƙe shi ne --detail, mai nuna lafiyar haɗin, domin faifai na mutuwa shiru. Kwamfuta za ta ci gaba da aiki da ɗayan, ma'aikata na buga takardu, babu wanda ya lura, sai ranar da na biyun ya bi sahu. Ko leƙa fayil ɗin /proc/mdstat kowane mako ma ya isa: in an ga [UU] lafiya lau, in an ga [U_] to ɗaya ya tafi. Sai a yi masa shaida da --fail, a cire shi da --remove, a sa sabo da --add, a bar shi ya kwafe abin da ke cikin ɗan'uwansa. Wannan kwafi kan ci awoyi.

Nan ne matsalar wuta ke shigowa. Lantarkin yankin Maradi daga Katsina yake zuwa, ta layin da ya biyo Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda Najeriya ta katse shi a watan Agusta 2023. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, faifan biyu sai su saɓa, kwamfuta ta koma daidaita su. Saboda haka batirin riƙe wuta ba ado ba ne, a sa shi cikin kasafin sayen faifan.

Kuma abin da aka goge da kuskure, a faifan biyu yake gogewa lokaci guda. Dole a riƙa kwafe bayanan a faifai na uku, a ajiye shi a wani ginin daban.