Yadda Amurkawa Su Ke Mallakar Manyan Bindigogi Da Sunan Amana

A ƙasar Amurka akwai bindigogin da mutum zai iya shan ɗaurin shekara 10 a kansu, idan an same su a hannunsa ba da rajista ba. Ko da bindigar ta mahaifinsa ce ko ta mijinta, doka ba ta duba wannan. Abin da ya sa ke nan dubban mutane a can su ke zuwa wurin lauya a rubuta musu takardar amana, ko su kafa kamfani, domin a yi rajistar makamin da sunan amanar ko kamfanin.

Asalin maganar ya faro ne tun zamanin da 'yan ta'adda su ka addabi biranen ƙasar. A ran 14 ga Fabrairu, 1929, an harbe mutum bakwai a birnin Chicago da bindigogi masu sarrafa kansu, kuma jama'a su ka ɗora zargin a kan yaran Al Capone. A cikin 1934 sai Majalisar Dokokin ƙasar ta kafa dokar da ta ce tilas a yi rajistar irin waɗannan bindigogi, da masu gajeren baki, da kuma bututun rage ƙara, a kuma biya harajin dala 200 a kan kowane ɗaya. A wancan lokaci kuwa wannan kuɗi sun kai kimanin kuɗin bindigar kanta.

Shi dai bututun nan ƙarfe ne da a ke ɗaura wa bakin bindiga. Ba ya kashe ƙarar gaba ɗaya kamar yadda a ke nunawa a silima, ragewa kawai ya ke yi don kada kunnen maharbi ya lalace. Wanda ya ƙago shi, Hiram Percy Maxim, ɗa ne ga mutumin da ya ƙera bindigar Maxim, watau irin wadda sojan Ingila su ka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903.

To, ina amana ta shigo? A da, duk mutumin da ke son ɗaya daga cikin waɗannan kaya sai ya ba da hotonsa da zanen yatsunsa, sa'an nan shugaban 'yan sandan yankinsa ya sa masa hannu. Shugabanni da yawa kuwa ƙi su ke yi, kuma in sun ƙi, magana ta ƙare. Amma dokar ta ɗauki kamfani da amana tamkar mutum wajen mallaka, ga shi kuwa ba su da yatsu balle fuskar da za a ɗauka hoto. Saboda haka ba a neman sa hannun kowa a kansu. Amanar nan ta yi kama da waƙafi ta wani fanni: mai dukiya ya kan sa ta a ƙarƙashin takarda, ya ambaci amintattun da za su riƙe ta, da waɗanda za su gaje ta.

Da mutane su ka gane wannan ƙofa sai su ka yi mata ca. Bisa ga lissafin hukumar ATF mai kula da sha'anin, takardun neman izni daga amanoni da kamfanoni sun tashi daga kimanin 840 a shekarar 2000 zuwa 40,700 a 2012. Hukumar ta ji tsoron kada wanda doka ta hana riƙon bindiga ya ɓuya a bayan takarda. Don haka a zamanin Shugaba Obama aka fito da sabuwar ƙa'ida wadda ta fara aiki ran 13 ga Yuli, 2016. Tun daga ranar, kowane mai iko a cikin amana ko kamfani sai ya ba da hoto da zanen yatsu, a kuma binciki halinsa. Shi kuma shugaban 'yan sanda sanar da shi kawai a ke yi, ba shi da ikon hanawa.

Duk da haka amana ba ta mutu ba, domin amfaninta na gida ya na nan. Wanda ya yi rajista da sunansa, shi kaɗai ke da ikon riƙe makamin. Amma in da amana ne, matarsa ko ɗan'uwansa da ke cikin amintattu za su iya riƙewa ba tare da fargaba ba, kuma ran da mai gida ya cika, takardar ta riga ta faɗi wanda zai gada.

Sai dai amana ba ta halatta abin da doka ta haramta. Bindiga mai sarrafa kanta da ba a yi rajistarta kafin 19 ga Mayu, 1986 ba, farar hula ba ya samunta ko da wane suna. Jihohi irin su Kalifoniya da New York kuma sun hana bututun rage ƙara ɗungum. Har ila yau, dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ran 4 ga Yuli, 2025, ta soke harajin dala 200 a kan bututun da gajerun bindigogi daga farkon 2026, amma ba ta taɓa sha'anin rajista ba.

Mai karatu dai ya lura, wannan duk tsarin Amurka ne. A nan Nijeriya dokar makamai ta 1959 ce ke aiki, kuma izni sai daga Shugaban Ƙasa ko shugabannin 'yan sanda, gwargwadon irin bindigar.