Kumburin ƙafa marar zafi: a je a ɗauki hoto tun da wuri

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wane ne a cikinmu ƙaya ba ta taɓa soka ba? Muna taka ta wajen sharar gona, da wajen kiwo, da wajen neman itace. Ƙayar bagaruwa ce, ko ta aduwa, ko ta farar ƙaya. Mukan cire ta mu ci gaba da aiki. Sau da yawa wurin yakan warke. Amma wani lokaci ƙayar takan shiga da ƙwayar cuta daga ƙasa, ta bar ta cikin nama. Yau za mu yi bayani a kan wannan ciwo, da yadda hoton asibiti yake taimakon likita ya gane shi.

Wane ciwo ne wannan?

Likitoci suna kiran sa misetom. Wasu suna ce masa ƙafar Madura, domin a yankin Madura na ƙasar Indiya aka fara rubuta bayaninsa a 1842. Ciwo ne na ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwa, kamar Sudan, da Cadi, da Nijar, da Senegal, da Muritaniya. Ya fi kama samari da magidanta masu aikin gona ko kiwo ba takalmi. Ya fi fitowa a ƙafa, amma yakan fito a hannu ko a baya. Ba a ɗaukar sa daga mutum zuwa mutum. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Yana farawa da ɗan kumburi mai tauri a ƙarƙashin fata. Ba ya zafi, kuma a nan haɗarin yake. Mai shi yana noma, yana zuwa kasuwa, har watanni su wuce, har shekaru. Sannu a hankali kumburin yakan girma. Daga baya yakan huda ƙananan bakuna masu fitar da mugunya. A cikin mugunyar akwai ƴan ƙwayoyi kamar tsabar yashi, baƙaƙe, ko jajaye, ko farare, ko masu ruwan ɗorawa.

Abin da ido yake gani a waje kaɗan ne. Ciwon yana bin nama ta ciki kamar yadda gara take cin azara. Idan aka bar shi yakan kai ga ƙashi.

Me ya sa likita yake neman hoto?

Akwai dalilai uku.

Na farko, ciwace-ciwace da yawa suna kama da juna a ido. Kumburin ƙafa yana iya zama misetom. Yana iya zama ruɓar ƙashi, ko tarin fuka da ya kama ƙashi. Yana iya zama sankara, musamman idan tsohon gyambo ne da ya ƙi warkewa, ko baƙin tabo da yake girma a tafin ƙafa. Kowanne da maganinsa.

Na biyu, misetom kansa iri biyu ne. Akwai wanda ƙwayoyin bakteriya suke kawowa. Wannan yana saurin yaɗuwa, amma yana jin magani sosai. Akwai kuma wanda ƙwayoyi dangin fumfuna suke kawowa. Shi ne mai baƙaƙen ƙwayoyi. Yana tafiya a hankali, amma magani shi kaɗai ba ya cika kashe shi, sai an haɗa da fiɗa. Maganin ɗaya ba ya aiki a kan ɗayan.

Na uku, mai fiɗa yana bukatar sanin iyakar ciwon kafin ya sa wuƙa. Idan ya bar saura a ciki, ciwon zai dawo.

Hotunan da ake ɗauka

Radiyo. Ba radiyon da muke sauraren labarai ba ne. Na'ura ce mai aika wani haske da ido ba ya gani. Hasken yana ratsa nama, amma ƙashi yana tare shi, sai ƙashin ya fito fari a hoto. Wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Rontgen ne ya gano wannan haske a 1895. Idan misetom ya kai ga ƙashi, likita zai ga ramuka a jikin ƙashin. Amma mu lura: a farkon ciwo radiyo yana iya nuna ƙashi lafiya lau. Wannan ba ya nufin babu ciwo. Yana nufin bai kai ƙashi ba tukuna, kuma lokacin ne ya fi dacewa da magani.

Eko. Matanmu sun san ta, domin da ita ake duba juna biyu a wajen awo. Ana shafa wani mai mai sanyi a kan kumburin, a ɗora ɗan kan na'ura. Na'urar tana aika sauti da kunne ba ya ji, sautin ya bugi abin da ke ciki ya dawo, kamar amsa kuwwa a cikin rijiya. Eko tana ganin nama, abin da radiyo ba ya nunawa sosai. Tana nuna ramukan mugunya da ƴan ƙwayoyin da ke cikinsu suna ƙyalli. Ƙwayoyin fumfuna sun fi fitowa sarai, na bakteriya kuwa ƙanana ne, a cure. Da haka gwanin eko yakan iya hasashen irin ciwon. Ba allura, ba yanka, ba zafi.

Sikana da IRM. Waɗannan manyan na'urori ne masu tsada, kuma ba ko'ina ake samun su ba. Sikana ta fi radiyo ganin ɓarnar ƙashi tun tana ƙarama. IRM kuwa tana nuna zurfin ciwon cikin nama. A hotonta misetom yana da alama: ɗan baƙin ɗigo a tsakiyar farin da'ira. Likita ne zai ce ko ana bukatar su.

Hoto ba shi ne ƙarshen bincike ba. Likita yakan ɗebi ƙwayoyin da allura, ko ya yanki ɗan nama kaɗan, a duba a ɗakin bincike. Wannan ne yake tabbatar da irin ciwon, ya kuma raba shi da sankara.

Me ya kamata mu yi?

Idan muka ga kumburi mai tauri da ya yi makonni bai sauka ba, mu je gidan likita mafi kusa ko da ba ya zafi. Idan an tura mu babban asibiti a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, mu daure mu je. Mun san kuɗin mota da na hoto suna da nauyi ga talaka. Amma manomin da aka yanke wa ƙafa ya yi hasarar damina da yawa.

Kada mu kai kumburin a yi masa tsaga ko sakiya. Yanka na gida ba ya kai tushen ciwon, yana kuma buɗe ƙofa ga wasu cututtuka.

Mu gaya wa likita tun yaushe abin ya fara, da launin ƙwayoyin da suke fita. Mace mai ciki ta faɗa kafin a yi mata radiyo ko sikana. Mu adana hotunanmu, mu zo da su duk ranar komawa, domin da su ake auna ko magani yana ci.

Maganin yana da daɗewa, watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. Kada mu daina sha don bakunan sun rufe. Likita ne zai ce an warke.

Rigakafi kuwa a hannunmu yake. Mu sa takalmi mai rufe ƙafa wajen aiki, mu sa wa yaranmu masu kiwo. Idan ƙaya ta soke mu, mu cire ta duka, mu wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.